Ƙullin Bahago

Tun kafin ku gyara zama in faɗa muku, abin da ke tafe ba mai daɗi ba ne. Gobe Laraba da ƙarfe goma na safe akwai abin da zai yanke a shagona, ko takarda, ko mutuncina a idon 'yata, ko duka biyun. Na san wannan shafin na 'yan mata ne da labaran soyayyarsu, ku yi haƙuri dattijo ya shigo muku. Soyayyar akwai ta a ciki, sai dai ba tawa ba ce. Ni ne wanda ya tare hanya.

Sana'ata ɗinkin littafi. Shekara ashirin da shida ina da shago a layin da ke kallon ƙofar jami'a. Ɗalibi ya gama rubuta kundinsa na kammala karatu, ya kawo mini takardu a warwatse, in jera, in huda, in ɗinke, in yanke bakin ya yi daidai, in sa bango mai kauri da rubutun ruwan zinare. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma digirin da ya bi ta hannuna ya fi dubu. Matata takan ce da a ce ilimi na shiga ta tafin hannu, da yanzu ni farfesa ne.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiranta. Tana ajin ƙarshe, adabin Turanci take karanta. Wata biyu da suka wuce ta shigo shago da la'asar, doguwar riga ruwan toka, mayafi baƙi, jakar nan tata da hannu ɗaya ya tsinke na ɗinke mata da zaren littafi. Ta ture gwangwanin gam, ta zauna a kan bencin kwastoma.

"Baba, aiki na kawo maka."

"Ajiye a layi, mutum tara ne a gabanki."

"Ba ɗinki ba. Malaminmu ya ce duk wanda ya kasa bayyana aikinsa ga wani na gida da harshen gida, to bai gane ba, hadda ya yi. Kai zan riƙa yi wa bayani."

"Ga mamanki can a gida."

"Na gwada. Ina shafi na biyu ta fara minshari."

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar, ina huda takarda da basilla, tana zuba. Ashe abin da take nazari waƙoƙin mutanen Ingila ne na tun shekara dubu da wani abu. Ta ce Turancin ya tsufa har Baturen yau in ka miƙa masa sai ya juya takardar ya ga ko a kife take.

Na ce, "To ke me ya kai ki? Na yau ɗin kin gama da shi ne?"

Ta yi dariya ta ce jigo huɗu ta ɗauka. Amana, kora daga gida, ƙaddara, da yadda komai na duniya ke rushewa.

"Wannan ai wa'azi ne, Uwata, ba waƙa ba."

"Saurara mana, Baba."

Ta ce in ɗauka ga wani babban zaure na katako, wuta a tsakiya, waje kuwa sanyi mai kashe mutum. Ubangida yana zaune, jarumansa sun kewaye shi. Shi yana ba su zobba da takubba da wurin zama, su kuma sun rantse ba za su gudu su bar shi a fagen fama ba, ko da ya faɗi. Wanda ya dawo gida da rai ya bar ubangidansa a kwance, kunyar ta bi shi har kabari.

Na ajiye basilla na ce, "Mutanen kirki! Ashe su ma sun taɓa sanin ya kamata."

Wannan ɓangaren ya yi mini daɗi ƙwarai. Har maƙwabcina mai gyaran takalmi na ba labari. Na ƙaddara kuwa ban gane ba har yau. Ta ce sun yarda abin da zai faru sai ya faru, amma duk da haka ba a yafe wa mutum in ya yi ragwanta. Na ce to in an riga an rubuta zai gudu fa? Ta ce tambayar da malamai ke rigima a kai ke nan. Na ce su ci gaba, ni ina da bango ashirin da zan manna.

Sati na uku ta shigo jigon kora, a nan ƙasa ta fara zame mini.

Ta ce waƙoƙin cike suke da muryar mutanen da suka rasa zaurensu. Mutum shi kaɗai a cikin sanyi, ba mai kiran sunansa, ba abin da yake tunawa sai wurin zamansa kusa da ubangida.

Na ce, "Wa ya ce ya tafi?"

"Wani ubangidan ne ya mutu. Wani kuma korarsa aka yi."

"To ya yi laifi ke nan."

"In bai yi ba fa?"

Ban ɗago ba. Ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, tana jan bakin mayafinta.

"Babina na uku ke nan, Baba. Kowa yana rubutu a kan abin da bara zai yi wa ubangida. Ni ina tambayar abin da ke wuyan ubangidan. Ai rantsuwar ba mutum ɗaya ya yi ta ba."

Basilla ta shige mini ɗan yatsa. Shekara ashirin rabon da in soki kaina.

Yanzu dole in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matar da muke kwana ɗaki ɗaya.

Akwai wani da ya yi aiki a ƙarƙashina shekara tara. Bahago muke ce masa, don da hagu yake komai. Dogo, marar magana, riga ɗaya mai aljihu biyu kullum a goge. Yanzu ya kai talatin da ɗaya, yana da nasa shagon a bayan tasha. Yadda muke aiki a injin yanka takarda shi ne, ni nake sa awo da rula, shi yake jan wuƙa. Shekara uku da suka wuce, ranar da ɗalibai suka cika shagon suna jiran kundinsu, na sa awo a kan guda goma sha biyu. Bahago ya sunkuyo daidai kunnena, yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Maigida, kamar awon ya shiga ciki."

Idona ya fara hazo tun kafin lokacin, ina ɓoyewa. Maganar ta sosa mini daidai wurin. Na ce, "Ni za ka koya wa aiki? Ja!"

Ya ja. Wuƙar ta tafi da lambar shafi da layin ƙarshe na kowace takarda. Har da shafukan da malamai suka riga suka sa hannu. Wata yarinya ta zauna a ƙasa tana kuka. Shago ya kaure da hayaniya, kowa yana tambayar wa ya yi wannan ɗanyen aiki. Jama'a, bakina ne ya buɗe da kansa. Na nuna shi na ce, "Shekara tara ina koya maka, ka rasa ranar da za ka tozarta ni sai yau? Fita! Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar nan."

Ya dube ni sau ɗaya. Ya juya ga ɗaliban ya ce, "Ku yi haƙuri, kuskurena ne." Ya ɗauki hularsa a kan ƙusa ya fita. Ƙusar tana nan, ban rataya komai a kanta ba.

Tun daga ranar na sassaƙa wani ɗan katako mai tsaga daidai girman kundin da aka saba, da shi nake awo, da yatsa ba da ido ba. Rubutun wayata ma na ƙara masa girma har kalma uku ke cika fuskar. A gida na ce gayu ne.

To kun ga dalilin da babi na uku ya hana ni sukuni. Na yi ta tambayar kaina, yarinyar nan karatu take yi mini ko shari'a? Sai in ce kai, Turawan shekara dubu ina suka san ni. Sai kuma in tuna yadda ta ja bakin mayafi.

Ranar Litinin ta makon jiya ta manta kwafin gwajinta a kan benci, wanda malaminta ya yi wa gyara da jan biro. Na ɗauka zan ajiye mata. Mai sana'a ba ya riƙe littafi bai shafa ƙashin bayansa ba. Yatsana ya bi zaren. Huda biyar, ƙulli a ta uku, a ɓoye ta ciki. Ɗinkina ne sak. Wurin maigidana na koya, kuma mutum ɗaya tak na koya wa. Amma ni ban ɗinka wannan ba. Na sake shafawa. Jelar ƙullin ta kwanta hagu.

Na rufe shago tun kafin magariba, abin da ban taɓa yi ba a lokacin kundi.

Na tarar da mamansu a falo tana ninke wanki, fankar nan tamu mai ƙara kamar injin niƙa tana juyi, labulen da ta canza wancan watan yana kaɗawa. Na ajiye littafin a kan tebur.

"Kin san wa ya ɗinka wannan?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Sai yau ka sani, Malam?"

"Ke kin sani?"

"Wata bakwai. Duk layinku sun sani, har abokinka mai takalmi. Kai kaɗai ne ba ka gani."

Ba ta san yadda maganar ta yi daidai ba.

Ta ajiye zanen da ke hannunta ta ce yarinyar ta je neman wanda zai buga mata hotuna ne a bayan tasha, suka haɗu da Bahago, har soyayya ta shiga tsakaninsu. Ta ce bai taɓa tsayar da ita a hanya ba, bai taɓa zuwa ƙofar gida ba, saboda maganar da na yi. Kawunsa yana so ya zo ya gan ni kan maganar aure, shi ya hana, ya ce sai na ɗage korar da bakina.

"Ka yafe masa mana, Malam. Kuskure ɗaya a shekara tara. Kai ba ka kuskure?"

Na shige ɗaki. Ban gama cire takalmi ba waya ta yi ƙara. Yayata ce, wadda ta goye ni, saƙon murya na minti huɗu. Ashe har an kai ƙarata.

"Ƙanena, taurin kan nan naka tun kana rarrafe na san shi. Yaro ya yanka takarda, ba wuyan mutum ya yanka ba. Ya ba da haƙuri a gaban jama'a, me kake so kuma, ya kwanta ka taka? Ka yafe masa, ka ji ko? Kada ka sa in hau mota da ciwon gwiwar nan."

Kun ji fa. Kowa roƙona yake in yafe wa mutumin da ni ya kamata in durƙusa masa. In na ce na yafe, an gama, a yi biki, a yabe ni da haƙuri. Hanya ce a buɗe, shimfiɗaɗɗiya. Kwana bakwai ina kallonta, ƙafata ta ƙi takawa, kuma ta ƙi juyawa.

Jiya Litinin Uwata ta shigo da kwali a rungume. Ta sa rigar nan shuɗiya da take sawa in tana da magana da malamai. Kwafi huɗu na ƙarshe, malaminta ya sa hannu a kowanne ya yi tafiya, ba zai dawo ba sai bayan wata. Ranar Alhamis da azahar ake rufe karɓa.

"Baba, a yi hankali da shafukan tsakiya. Hotunan tsofaffin littattafan ne, sun kai har baki. Kuma sashenmu sun rage faɗin kundi bana, ga awon a takarda."

Wato katakona ba shi da amfani. Na karɓi takardar awon na riƙe kamar mai karantawa.

Don in kau da zancen na ce, "Su waɗannan littattafan na da, wa ya ɗinka su?"

Fuskarta ta washe. Ta ce a kan fata aka rubuta su, da hannu aka ɗinke, kuma kaɗan ne suka tsira. Wasu wuta ta ci gefensu, wasu ruwa. Ta ce akwai ma waɗanda wani mai ɗinki ya zo daga baya zai gyara musu baki, ya yanke har da rubutu, abin da ya tafi ya tafi ke nan.

"An san sunansa?"

"Na mawaƙan ma yawanci ba a sani ba, balle nasa."

"Wataƙila idonsa ne ya..."

Na kama bakina. Ta dube ni. Kallon ya yi tsawo, ko ni ne na ga ya yi tsawo, ban sani ba, fuskarta ma a hazo nake ganinta. Na jawo kwafin gwajin daga ƙarƙashin tebur na tura mata.

"Wa ya ɗinka miki wannan?"

Ta ce, "Na ɗauka ɗinkinku iri ɗaya ne."

"Ƙullinsa hagu yake kwanciya."

Ta sunkuyar da kai, tana murza zoben azurfar da mamanta ta ba ta. "Na ce ya ɗinka mini na ƙarshen ma, don kada in ƙara maka aiki. Ya ƙi. Ya ce ba ya shiga gaban Maigida."

"Har yanzu haka yake kirana?"

"Bai taɓa kiranka da wani suna ba." Ta ɗago. "Ya ce in ka ce a'a, to a'a ce, ba zai sake nemana ba. Shi ya iya wannan. Ni ce ban san yadda zan yi da ita ba, Baba."

Na so in tambaye ta, me ya gaya miki game da ranar nan? Babi na uku, daga littafi kika samo shi ko daga bayan tasha? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baƙin bango kike so ko shuɗi?"

"Shuɗi," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Yau Talata tun safe na ɗinke huɗun. Ɗinki ba ya neman ido, hannuna ya san hanya. Da hantsi na jera su a bakin injin yanka, na ɗauko rula, na sa tabarau, na cire, na matsa bakin ƙofa wurin haske, na dawo. Layukan rular sun haɗe sun zama abu ɗaya. Shekara huɗu na karatun 'yata a ƙarƙashin wuƙa, da sa hannun mutumin da ba ya gari. Na ɗora hannu a kan mariƙin, na sauke. Na sake ɗorawa. Mai takalmi ya leƙo ya ce, "Farfesa, yau injin kake wa addu'a?" Na ce masa man da na zuba wa injin nake jira ya ratsa.

Ina nan tsaye saƙo ya shigo. Lambar na goge ta shekara uku da suka wuce, amma ko a hazo na gane ƙarshenta.

"Maigida barka da aiki. Na ji an canza awo bana. In ana bukatar hannu a wurin yanka ina nan. Zan iya shigowa ta ƙofar baya kafin a buɗe layi. Ba wanda zai sani."

Na karanta kalma uku-uku har ƙarshe, na koma farko. Na zauna a kan bencin kwastoma. Wato ya sani. Tun ranar ya san idona ne, ya ɗauki abin ya tafi da shi bayan tasha ya ajiye shekara uku. Yanzu kuma yana so ya sake rufa mini asiri, ta ƙofar baya, kamar ɓarawo, a shagon da ya share shekara tara.

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na rubuta "Na gode", na goge. Na rubuta "Na yafe maka", na dube shi, kunya ta kama ni ni kaɗai a shago, na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, "Ka zo gobe ƙarfe goma. Ta ƙofar gaba."

Ya amsa, "To Maigida."

Sai na tura wa Uwata, "Gobe ƙarfe goma ki zo shago ke da mamanki. Akwai gyara a babi na uku."

Ta turo, "Gyara kuma Baba? An riga an sa hannu fa!" da 'yar fuskar nan mai zare ido. Na ajiye wayar.

Littattafan huɗu suna nan a bakin inji, na lulluɓe su da tsumma mai tsabta. Na goge ƙusar da ke bango, ban san dalili ba. Na yi ta maimaita maganar a raina, gajeriya ce, ni na sa awon, ya gaya mini, na ƙi ji. Ko minti ɗaya ba za ta ci ba. Amma bakin nan nawa na san shi, ya taɓa buɗewa da kansa ya faɗi abin da ba shi ne ba a gaban jama'a.

Ban sani ba ko gobe zai faɗi gaskiya. Ban sani ba ko Uwata ta riga ta sani, wata biyu tana zaune a bencina tana jira in faɗa da kaina, ko kuwa karatunta kawai take yi, gobe ne za ta fara jin wane ne ubanta. In kuma ta ji, ban san da wane ido za ta dube ni ba.